Kwano Nawa Za A Ɗora Ranar Sallah?

 

Sallah ta kawo jiki. Wanda ya ratsa kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale cikin 'yan kwanakin nan ba sai an gaya masa ba. Kekunan yalo-yalo sun cushe hanya, baburan dakon kaya na motokin na ta jidar buhuna, raguna na ta kuka a gindin darbejiya, teloli kuwa sun daina ɗaga waya. A cikin wannan hada-hada akwai wata tambaya da ake yi a kusan kowane gida, daga Zangon Hausawa har Sabonjida, daga Lamashegu har Kalpohin, kuma da wuya ta samu amsa. Uwargida ta ce, "Alhaji, bana kwano nawa za a ɗora?" Maigida yana laluben makullin babur ya ce, "Ke dai a dafa da yawa, kada mu ji kunya." Ta ce, "To, da yawan nawa ne?" Kafin ta rufe baki ya kai bakin titi.

Tunda Alhaji ya gudu, bari mu tsaya mu taya Hajiya lissafi.

Wanda ya buɗe intanet ko littafin girki na Turawa zai tarar an gama masa aiki. Ƙirga kujeru, kowace kujera giram kaza na shinkafa, giram kaza na nama, ka ninka, shi ke nan. Wannan yana yiwuwa a Ingila ko Amurka, inda ake aika gayyata tun da makonni, mai zuwa ya ce zai zo, wanda ba zai samu zuwa ba ya ba da haƙuri. Mu nan wa ya taɓa gayyatar wani cin abincin Sallah? Mutum ya yi sallama, an amsa, an shimfiɗa masa tabarma, magana ta ƙare. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta ce matsakaicin iyali a Ghana mutum 3.6 ne, a nan Yankin Arewa kuma ya haura biyar. To amma ma'aikacin ƙidaya bai zo ranar Sallah ba. Bai ga ƙanin maigida da ya taso daga Nima da matarsa da 'ya'ya huɗu ba, bai ga wadda ta dawo daga Kumasi ba, bai ga ɗaliban jami'ar UDS da garinsu ya yi musu nisa suka biyo ɗan gidan ba, balle rundunar yara masu yawon barka da Sallah.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa gado muka yi. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, a Salaga suke sauka, kowane falke da mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye. Da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, jama'a suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Yeji, wasu Kumasi. Da Turawa suka mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, nan ma zango ya cika, ɗabi'ar kuma ta biyo masu ita. Sai dai akwai abin da muke mantawa. Maigidan Salaga da ke karɓar baƙi yana cin la'ada a kan kayan da aka sayar ta hannunsa, saboda haka tukunyarsa da abin da ke riƙe da ita. Mu girman tukunyar muka gada, la'adar ta tsaya a Salaga. Yau malamin firamare mai jiran albashi da mai gyaran babur a Sakasaka, kowa so yake ya dafa irin na mai saukar ayari.

Ba ina cewa a rufe ƙofa ba ne, Allah ya kiyaye. Cewa nake yi inda muke kuskure a lissafin ba wajen baƙi ba ne. Wajen kwanukan da ke fita ne, da waɗanda ke shigowa.

Ku tsaya a bakin kowane lungu bayan an sauko daga Idi, ko na filin Jubilee ko na wani wuri, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Za ku ga yarinya cikin sabon ɗinki, lalle bai gama bushewa a hannunta ba, tire a ka, kula uku a jere an rufe da kyalle mai aiki. Ta farko ta gidan Gwaggo ce, ta biyu ta gidan liman, ta uku ta maƙwabtanmu Dagombawa ko Kiristan da ke haya a bayan gida. Ta shiga gidan Gwaggo, an juye, an ɗauraye kular, kuma ba za a miƙo mata ita wayam ba. Gwaggo za ta zuba nata, ta ɗora yanka biyu a sama, ta damƙa wa yarinyar 'yan sulalla. Haka gida na biyu, haka na uku. Kafin Azahar ɗakin uwargida ya zama rumfar mai abinci: ga wake da shinkafa daga can, ga jalof daga nan, ga tuwo zafi da miyar ayoyo, ga wasawasa, ga wata shinkafar da miyar da ba a ma tuna daga wane gida ta fito ba. Kowane gida ya dafa wa unguwa, unguwa kuma ta dafa wa kowane gida. Da safe kowa ya ƙirga abin da zai fita daga gidansa. Ba wanda ya ƙirga abin da zai shigo.

Shi ya sa kwana biyu bayan Sallah ake ganin abin da ake gani. Roba cike da jalof ta yi yauƙi an turo wa agwagi, su ma sun ƙoshi sun juya baya, sauran a kwata. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da abinci fiye da tan biliyan 1, kuma kashi 60 cikin 100 a gidaje aka zubar, ba a otal ko kanti ba. Abin da ya fi ja mini hankali a rahoton shi ne, ba ƙasashen masu kuɗi kaɗai ke yi ba, kuma ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa a kan kowane mutum, don abinci ba ya jimawa a wurinsu. Wannan kamar da mu ake.

Na san abin da wani dattijo zai ce yanzu yana kusa da rediyonsa: "Malam, ƙirga masu cin abinci ai rowa ce, albarka take korewa." Baba, da girmanka, bari in tuna maka. Daren Ƙaramar Sallah kai da kanka kake zama a tsakar gida a kawo buhu da mudu, ka ƙirga mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da aka haifa shekaranjiya, kowa ka auna masa sa'i guda, mudun Annabi huɗu, ka fitar da zakkar fid da kai. Ba ka taɓa cewa a ɗebo da yawa kawai ba. Hannun da ya iya awo don Allah, me zai sa ya ji nauyin awo don tukunya? Gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai idon wa? Idon matar da ta shekara ashirin tana ɗora wannan tukunyar, ba idon wanda ya leƙo madafa yana tambayar ko an ga hularsa ba.

To, mu ɗauki misali, kowa ya gyara shi daidai gidansa. A ce masu kwana a gidan mutum 14 ne har da baƙin da suka zo daga kudu. A ce kwanukan da za su fita 12 ne, kowanne kuma cin mutum uku. Mutum 36 ke nan, a haɗa da na gida, 50. Kilo guda na ɗanyar shinkafa, in littafin Bature ne zai ce ya ishi mutum goma. Ni ban yarda ba, don bai ga samarinmu sun dawo daga filin Idi ba. Mu bar shi a mutum shida. Hamsin a raba shida, kilo takwas da 'yan kai. Kwanon koko da ake awo da shi a kasuwanninmu yana ɗaukar wajen kilo biyu da rabi, ko sama kaɗan, gwargwadon tozon da mai awo ta yi miki da gyaran da ta ƙara. Kwano uku da rabi ya wadatar. In shinkafar gida ce turarriya, irin ta Botanga ko Nasia, masu girki sun san ta fi ta waje auki, sai a rage hannu. In kuma za a tuƙa tuwo a gefe, a ƙara ragewa, domin abinci kala biyu ba ya mai da cikin mutum biyu.

Za ku ce, ina masu shigowa gaisuwa, ina abincin dare? Nan ne dabarar take. Cikin kwanuka 12 da suka fita, a ce takwas sun dawo da kaya, cin mutum 24 ke nan da ba ki sa a wuta ba. Mai shigowa gaisuwa kuwa gidanki ne na huɗu ko na biyar da ya shiga yau. Loma uku zai yi don kada a ce ya ƙi, ya sha sobolo ko zomkom mai sanyi, ya karɓi goro, ya tashi. Mutum ashirin irin wannan ba su cinye abincin mutum goma ba. Abin da ya shigo ya ishe su, har ya kai dare.

Amma gidan da aka ce masa "a dafa da yawa", rabin buhu mai kilo 25 za a juye a tukunya mai lamba, don uwargida ba ta son a ce ita ta jawo abin kunya. Ba laifinta ba ne. An bar ta da tsoro ba a ba ta adadi ba. Abin da ya kamata, tun saura mako, bayan Isha, maigida ya zauna da ita da biro da bayan tsohuwar kalanda, a rubuta sunayen gidajen da kwano zai je, ya kuma ba da kuɗin cefane a lokacin, kafin jajibiri ya sa tumatir ya fi nama tsada.

In tsoron yankewar abinci ne, maganinsa ba cika tukunya ba ne. A yi miya da yawa, a yi shinkafa kaɗan-kaɗan. Miya ita ke cin lokaci, ita ke cin albasa da mai da jajjage, kuma in ta soyu sosai ana ɗumama ta ta kai gobe. Shinkafa kuwa rabin awa ta isa. A ajiye kwano ɗaya ɗanye a gefe, da gawayi, da ruwa a jarka. Baƙi suka yi yawa, kafin a gama gaishe-gaishe da tambayar mutanen gida ta nuna. Ba su zo ba, shinkafarki na nan cikin buhu har wata mai zuwa. Kada kuma a manta Sallah ba yini ɗaya ba ce. Tun tsakiyar shekarun 1990, zamanin Jerry Rawlings, ranakun Idi biyu suka zama hutu a ƙasa baki ɗaya, a 2025 kuma majalisar dokoki ta ƙara kwana guda bayan Ƙaramar Sallah. Ziyara tana bazuwa kwana biyu, uku. Mai zuwa ran na uku ba ya bukatar shinkafar ran farko.

Ba wai ba ya bukatarta kaɗai ba ne, tana ma iya kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. A garin da zafi ke taɓa digiri 40 a Maris da Afrilu, wannan ba maganar wasa ba ce. Shinkafa musamman tana da wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta gamawa da ita. In shinkafar ta huce ta jima sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba dafinta, ɗumame kuma ba ya kashe wannan dafin. Kular da muke taƙama da ita tana riƙe zafi na 'yan awoyi ne, daga nan sai ta bar abinci cikin ɗumi-ɗumin da ƙwayar ta fi so. Taliyar da aka ɗora kan wake da shinkafa, da ganyen da aka kwaɓa da mayonis, su ke fara juyawa. Firji kuwa, wanda ya san dumso, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ya san ba a jingina da shi gaba ɗaya, balle ranar da aka cusa masa cinyar sa da kula shida. Tuwo ne dai mai haƙuri, da safe a yi ɗumame, a wuce wurin. Masu shagon magani sun san cinikin da suke yi kwana biyu bayan kowace Sallah.

Mu zo kan nama, tunda Babbar Sallah ce a gabanmu. Nan ma ido yana ruɗin mutum. Ragon da ya yi kilo 40 a tsaye, in an yanka an feɗe, an cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki, abin da zai rage da wuya ya wuce rabi, kilo 18 zuwa 20, kuma da ƙashi a ciki. In an soya ya ƙara tsukewa. Gajerun tumakinmu na gida ba su ma kai haka ba. Dogayen nan da ake shigo da su daga Burkina Faso da Nijar da Mali ta Paga da Bawku sun fi cika ido, amma a tuna ƙaho da tsawon ƙafa ba sa shiga tukunya. An saba cewa a kasa naman uku, na gida, na dangi da maƙwabta, na mabukata. Malaman Malikiyya ba su ƙayyade adadi ba, sun ce dai a ci, a yi sadaka, a yi kyauta. To tunda an bar mana zaɓi, sai mu yi shi da hankali tun wuƙa ba ta hau ba.

Don ga abin da ke faruwa. An shimfiɗa buhu a tsakar gida, mahauci na sara, maigida na tsaye da jini a bakin wandonsa, zuciya ta yi fari. Wanda ya fara sallama a cika masa leda, na biyu ma haka, na uku ya samu cinya sukutum don ya iya kirari. Sai can wajen La'asar Hajiya ta ce, "Alhaji, na Inna fa, na Savelugu?" A duba buhu, saura haƙarƙari da wuya. A Maraɗi da Yamai suna da wata al'ada da ke burge ni. Ran Sallah banƙare raguna ake yi a jikin itace, a kewaye babbar wuta da su har su gasu, sai washegari a yi rabo. Naman ya samu wuta ba zai lalace ba, mai shi kuma ya samu dare guda ya tuna da kowa. Ko ba mu ɗauki gashin ba, mu ɗauki jinkirin: a kasa tsibi-tsibi da suna tukuna, kafin leda ta farko ta fita.

Wani zai ce duk wannan ƙididdiga a kan kwano ɗaya ko biyu? To ku dubi inda kayan tukunyar nan suke fitowa. Albasa daga Galmi ta Nijar, kuma mun ga yadda ta yi tsada a 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, motoci suka maƙale a hanya. Tumatirin rani daga Burkina. Shinkafar ƙamshi ta jirgin ruwa, ta sauka Tema. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100. A Agustan 2024 ruwa ya ɗauke a Arewa har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya daga ƙasar. Ga shi a 'yan shekarun nan layya tana faɗowa a farkon damina, lokacin da rumbu ya kai gindi, kuɗin da ke hannu kuma na tarakta ne da taki. Mu damina ɗaya gare mu, ba biyu irin ta mutanen kudu ba. Kwanon da aka zubar a kwata ran uku ga Sallah, shi za a nema a Yuli da Agusta kafin sabuwar masara ta fito.

Akwai kuma gyaran da nake ganin ya fi duk waɗannan. A jerin kwanukan nan 12, ku duba da kyau. Mafi girma, mai yankan nama mafi yawa, yawanci gidan da ya fi mu wadata yake zuwa, gidan Alhaji wane, inda kula ashirin ke jere ba mai buɗewa. Can ɗin ƙaramin kwano mai kyau ya isa, gaisuwa ce. Babban a juya shi zuwa inda ba za a mayar da komai ba: matar da mijinta ya rasu bara, maigadin da ke bakin aiki ran Sallah, masu jinya da ke kwana a barandar Asibitin Koyarwa na Tamale, waɗanda suka zo daga ƙauye ba su san kowa a gari ba. Nan ne abinci ba ya kwana.

Sai masu girkin kansu, waɗanda ba sa shiga lissafin kowa. Tun kafin Asuba suke tsaye. Wanda bai taɓa ganin tuƙin tuwon gidan yawa ba ya je ya gani: tukunya kan murhu, an saƙala ƙarafa biyu masu ƙugiya a kunnuwanta, mace ta taka su da ƙafafu don kada ta motsa, hannu biyu a kan muciya, hayaƙi na shiga ido, wata na barbaɗa gari, wata na jiran mara da kwanuka. Da yawansu ba sa samun zuwa Idi. Su za su zuba wa maza, su zuba wa yara, su cika kula goma sha biyu, kuma sau da yawa sai bayan La'asar za ka same su a bakin murhu suna kankarar ƙanzo da romon da ba nama, sabon zanensu na nan a ninke ba su ɗaura ba. Wannan a gidan da gobe za a zubar da abinci. Don haka da an sauke tukunya, kafin ludayi ya shiga kwanon kowa, har na maigida, a ɗebi rabon masu girki da namansu a tukunya dabam a rufe, da na yarinyar da za ta yini tana yawo da tire a rana. In su biyar ne, a rubuta biyar a bayan kalandar nan, a sama.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa kara mu ji ta bakin dillalai da masu sayen rago. Kafin nan, a yi cefane lafiya.